Obafulo a Hayyul Ashir

Babur ɗaya gare mu a layinmu, kuma kowa ubansa ne. Wanda ya saye shi ya gama karatu a Azhar ya koma gida, ya bar mana shi amana, mu kuwa muka riƙe amanar yadda muka saba riƙe kayan taron dangi, kowa ya hau, ba mai wankewa. Da shi ake kai tuwo da miyar kuka wa 'yan'uwa a Madinatul Bu'us idan azumi ya zo, da shi ake ɗauko buhun shinkafa, da shi ake sintirin neman iƙama. Ɗan China ne, ya tsufa, fitilarsa da waya aka ɗaure ta, amma a Hayyul Ashir duk Bahaushen da ya kwana biyu ya san kukansa.

Ranar wata Alhamis bayan la'asar mun baza tabarma a gindin gini muna jiran shayi, sai ɗan Maraɗi ya ɗaga hanci ya ce, "Jama'a, isansi nake ji." Muka waiwaya. Ƙasan babur ya jiƙe kamar inda akuya ta kwana, ga wani siririn tiyo da ya leƙo daga gindin kafireto yana ɗiga, ɗis, ɗis, ba ya gaggawa. Murhun gawayi bai fi taku uku daga wurin ba. Da wasu mutane ne, da murhun suka fara janyewa. Mu zama muka gyara, aka buɗe muhawara.

Ba a taɓa samun injin da ya lalace a gaban Hausawa aka rasa likita ba. Mutum bai taɓa riƙe sifana ba a rayuwarsa, amma da ya ji an ce babur na zubar da mai zai gyaɗa kai ya ce, "Obafulo ne." Kalmar ta zama kamar maleriya da taifot a bakin masu jinya, kowane ciwo a cikinta yake kwana.

Malam, wanda ya fi mu daɗewa a Masar har an ce a mafarki ma "aiwa" yake cewa, ya ce shi tun fil azal bai yarda da wannan ƙarfe ba. "Ku dubi sunan kawai. Kafireto. Ina alheri zai fito daga nan?" Bazazzage ya ce, "Allah gafarta Malam, to a musuluntar da shi mana, tunda ga mu a gindin Azhar." Wani ɗalibin shari'a ya gyara hula ya ce bai kamata a tsangwami babur ɗin ba, domin mai lalurar yoyon fitsari ne, kuma a wajen Malikiyya idan abin ya lazimci mutum rabin lokaci ko fiye, an yi masa rangwame. Aka yi dariya har shayi ya ƙone.

Ni Bakano ne, saboda haka maganin Kano na kawo: duka. Na karɓi sukudireba, na juya ƙotarta, na ƙwanƙwasa kofin kafireto sau uku yadda na ga 'yan acaɓa na yi a bakin Ƙofar Wambai kafin a hana su ɗaukar fasinja a 2013. Ɗigar ta tsaya. Na miƙe ina kaɗe hannu kamar wanda ya gama tiyata. Bazazzage ya ce, "Yaya, kada ka yi nisa." Ban kai ga tabarma ba ta dawo, har da ƙari. Ya ce ai dama haka Bakano yake, ko agogo ya tsaya sai ya mare shi. Na ce gara mu, ku Zagezagi sai kun gama rigima a kan ko agogon ne ya tsaya ko rana ce ta yi sauri.

Shi maganinsa ya fi nawa ladabi. Ya sunkuya ya murɗe famfon mai, ɗigar ta ɗan ci gaba ta ƙafe, ya ce an gama. Duk wanda ya taɓa zama bayan ɗan acaɓa ya san wannan hannun hagun da ke sauka ƙarƙashin tanki da zarar an tsaya, tun kafin ƙafa ta taɓa ƙasa. Ɗabi'a ce mai kyau, ban musa ba. Matsalarmu da ita ɗaya ce: da ita muke ɓoye ciwo shekara biyu. Babur na yoyo, a rufe famfo. Gobe a buɗe, a yi sauri a tayar kafin ya zubar da yawa. Ranar da baƙo ya ara bai san sirrin ba, ya kwana a buɗe, sai a wayi gari tanki wayam, a ce baƙon ne ba shi da kirki.

Ɗan Maraɗi ya ce a kawo sabulu. A wajensu, in ji shi, sabulu guda ya isa ya kai kabu-kabu daga Maraɗi zuwa Jibiya. Ba ƙarya ya yi ba, fetur ba ya narkar da sabulu, saboda haka idan tanki ya huje aka murza masa, yakan riƙe har a isa gari. Sai dai ruwa na narkar da shi, kuma namu babur ɗin tankinsa lafiya lau. Bafulatanin cikinmu ya kawo shawarar a ɗaure bakin tiyon da leda da kyauro, tunda ta nan abin ke fita. Babarbare ya ce wannan ita ce hikimar daji, saniya na zawo a ɗaure mata wutsiya. Daga nan magana ta bar babur ta koma kan wanda ya fara zuwa Alƙahira, Babarbare yana tunatar da kowa cewa tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina makarantar Ibn Rashiƙ a nan, lokacin da kakannin wasu ke bin shanu. Mai kuwa yana ta tsiyaya, domin wani ya sake buɗe famfon ya ga ko addu'a ta ci.

Da gari ya waye Asabar muka tura shi zuwa wajen wani usɗa a bayan kasuwa. Usɗa shi ne ogan gareji a bakin Misirawa, yaron shago kuwa biliya, wato ɗan ƙwallon ƙarfen nan da ke cikin boris. Mu da yawa muka raka babur ɗaya, kamar masu kai amarya. Ɗalibin shari'a ya wuce gaba ya yi bayani da Larabcin littafi, da wasulla cike, har da tanwini. Usɗa ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Sadaƙallahul azim." Sannan ya juya wajen biliya ya faɗi kalma biyu.

A ranar muka gane cewa shekarun da muka yi muna haddace Alfiyya ba su tanadar mana komai ba a gareji. Kafireto a wajensu karbiratir ne, wannan da sauƙi. Allurar cikinsa ibra. Gaskit kuwa guwan. Injin da mai ya shaƙe shi sai su ce sharƙan, wato ya ƙware kamar mai shan ruwa da gaggawa, kuma na rantse wannan ta fi obafulo ɗinmu ma'ana. Tiyo shi ne khartum, abin da ya sa da usɗa ya ce Khartum ta tsage, wani Basudane da ke jiran a gyara masa taya ya ce ya sani, ba sai an tuna masa ba. Ɗan abin da ke iyo cikin kofi kuma awwama suke ce masa, sunan da suke kiran gidajen nan na katako da ke shawagi a bakin Nilu wajen Imbaba, waɗanda hukuma ta kwashe yawancinsu a 2022. Malam ya ce ashe shi ya sa, duk inda awwama take sai an samu matsala.

Abin da ya ba ni kunya shi ne usɗa bai taɓa noti ko ɗaya ba da farko. Tsumma ya ɗauka ya goge komai tas, daga ƙarƙashin tanki har gindin kafireto, ya bar shi ya bushe. Sannan ya buɗe famfo ya tsuguna yana kallo kamar mai jiran wata. Mai daga sama yake gangarowa, inda ka ga ya taru ba lallai nan ne ya fito ba, saboda haka wurin da ya fara jiƙewa ake nema. Idan jikin famfon ne ya yi gumi, robar cikinsa ta mutu. Idan bakin tiyo ne, ko ya tsage ko maɗaurinsa ya saki. Idan layin da kofi ya haɗu da jikin kafireto ne, gaskit ne. Idan notin ƙasa ne da ake zubar da mai ta nan, ko bai ɗauru ba ko 'yar robarsa ta cinye. Duk waɗannan suka zauna a bushe. Bayan kamar minti ɗaya sai siririn tiyon nan ya fara hawaye. Usɗa ya ce, "Ibra walla awwama." Ko allura ko mai iyo.

Ga yadda abin yake, ga wanda bai taɓa leƙa ciki ba. Duk wanda ya taɓa ɗaga murfin tankin masai na zamani ya riga ya ga kafireto. Mai na gangarowa daga tanki ya shiga wani ɗan kofi. A cikin kofin akwai awwama, roba ko tagulla mai iska a ciki. Mai na ƙaruwa tana ɗagowa, tana tura wata 'yar allura mai tsinin roba, har allurar ta toshe ƙofar da man ke shigowa. Inji ya sha, mai ya ragu, awwama ta sauka, ƙofa ta buɗe. Haka suke yi ba dare ba rana. Daga kofin ne iskar da inji ke zuƙa take jan mai ta wasu ƙananan ramuka da ake kira jet, ta gauraya da shi, wajen kashi 15 na iska a kan kashi 1 na mai idan aka auna da nauyi. Ranar da allura ta kasa rufe ƙofa, mai zai yi ta shiga har kofi ya cika ya tumbatsa, ya bi siririn tiyon ya zube ƙasa. An sa tiyon ne musamman domin ya zubar a waje. Wanda ya ɗaure bakinsa da leda ya tura man cikin inji ke nan. Bafulatani ya ce shi dama shawara ya kawo, bai ce dole ba.

Usɗa ya kwance kofin a kan faranti, ya zare ɗan ƙarfen da ke riƙe awwama, ya kai ta kunne ya girgiza. Da ta huje, da an ji mai na kaɗawa a ciki, kuma mai iyon da ya sha ya ƙoshi ba ya ɗagowa. Shiru. Ya ɗaga allurar ya duba ta a hasken rana, ya nuna mana wani zobe da ya fito a tsinin robar, inda shekaru suka ci. Sannan ya busa ƙofar, wani ɗan ɓarɓashin tsatsa ya faɗo a faranti, bai kai ƙwayar gero ba. Wannan ne ya hana mu barci, ya kusa haɗa Kano da Zazzau yaƙi. A nan na gane dalilin da ya sa dukana ya yi aiki na minti ɗaya: girgiza kan kawar da dattin, allura ta zauna, wani dattin ya biyo baya.

Sai ya bi tiyo da yatsa daga kafireto har tanki, ya dawo, ya sake bi. Ya ɗago ya tambaye mu ina filta. Aka yi tsit. Malam ya fara jan carbi. Daga baya dai magana ta fito: watanni da suka wuce filtar ta toshe, babur ya riƙa shaƙewa a hanyar Abbasiyya, wani daga cikinmu ya cire ta ya haɗa tiyon kai tsaye, babur ya tashi, aka yi ta yaba masa basira. Ba zan faɗi ko wane ne ba, amma garinsu akwai ganuwa da jami'a babba. To filta dai aikinta ke nan, ta toshe. Ta tare datti har ta cika, mu kuwa muka kore ta a kan ta yi aikinta.

Wannan ita ce ɗabi'ar tamu da na fi jin haushi, kuma ni ma ina ciki. Muna zagin kafireto, alhali abin da muka ba shi ya ci. A gida muna sayen mai a galan wajen 'yan bumburutu, a Nijar su ce ruwa-ruwa, a juye da mazurarin da ya kwana cikin ƙasa. Murfin tanki ya ɓata a cusa tsumma. A bar tanki kusan wayam wata da watanni domin ba a taɓa sayen fiye da na zuwa da dawowa, raɓa ta taru a ciki, tsatsa ta kama. A gida hunturu na cusa ƙura, a nan iskar khamsin ta bazara na turniƙe gari har rana ta koma ja. Ga kuma hutun ƙarshen shekara: a jingine babur da mai a kofinsa a tafi gida wata uku, man ya bushe ya bar danƙo kamar na ƙaro, allura ta manne. Duk ƙaramin janareton da ya ƙi tashi bayan an daɗe ba a kunna ba, je ka duba, labarin ke nan. Da an rufe famfo an kwance notin ƙasa an tsiyaye kofin kafin tafiya, da ba a kai ga haka ba.

Kada wani ya ɗauka Misirawa waliyyai ne. Usɗan nan duk aikin da yake yi taba na bakinsa, faranti cike da fetur a gabansa. Da Malam ya yi masa magana ya ce, "Ma'alesh ya shekh." Ma'alesh ɗinsu da "ba komai" ɗinmu uwa ɗaya uba ɗaya suke. Su ma biliyansu da baki yake tsotso mai daga tiyo ya tofar, kamar yaran garejin Ƙofar Ruwa, kuma daga nan har can ba wanda ya gaya wa huhu cewa ya saba.

Muna zaune tuk-tuk uku suka shigo, biyu da irin ciwon namu. Tuk-tuk shi ne A Daidaita Sahu ɗinsu, nasu akasari baƙi, namu ruwan ɗorawa, amma yawancinsu 'ya'yan Bajaj ne na Indiya. Mu a Legas aka fara saninsa da Keke Marwa, aka koma Keke NAPEP a zamanin Obasanjo, Kano ta raɗa masa nata suna a zamanin Shekarau. Su kuwa ya cika musu lungunan Imbaba da Bulaƙ Dakrur da Izbatul Haggana, inda babbar mota ba ta iya juyawa. Gwamnatinsu ta dakatar da shigo da shi a 2014, ta hana shigo da manyan sassan haɗa shi a 2021, har gobe yana nan yana kiɗa. A Indiyar ma tun Afrilun 2020 dokar hayaƙi ta tura yawancin sababbin babura zuwa injekta, mai tafiya da kwamfuta. Ɗan Maraɗi ya ce Allah ya tsare mu da injin da ba ya jin duka. Na goyi bayansa a zuci. Kafireto duk laifinsa, sukudireba ɗaya da faranti sun isa a yi masa tiyata a gindin bishiya.

Da mai yana araha ba wanda ya damu da ɗiga. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafi ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ɗan A Daidaita Sahu ya fara kallon ƙasan kekensa kafin ya kalli fasinja. Nan ma tun 2014 ake zare tallafin sannu a hankali, mai lamba 80 da talaka ke sha ya daina zama na wasa. Malam ya ce to da asarar kuɗi ce kawai da sauƙi. Usɗa ya zaro ma'aunin baƙin mai ya miƙa masa ya sansana. Fetur zalla. Ashe duk daren da famfo ya kwana a buɗe, ba duka ke zuba ƙasa ba, wani na silalewa cikin inji ya tsinka baƙin mai. Alamarsa ita ce ka ga baƙin mai na ƙaruwa da kansa. Mu da muka ga haka cewa muka yi babur ɗin akwai albarka.

Ya sa sabuwar allura, ya duba tsayin awwama kada ta rufe da wuri ko ta makara. Kafin ya mayar da kofi ya kifa kafireton ya busa ta inda mai ke shiga, iska ta ƙi wucewa. Ya miƙar da shi ya busa, ta wuce. Ya ce khalas. Ɗalibin shari'a ya nemi a shafa gam a gaskit don ƙarin natsuwa, usɗa ya ƙi, ya ce fetur na cinye gam ɗin ya kai guntayensa cikin jet, a dawo jiya. Ya kuma ƙwace wata waya da na ɗauka zan zura a ramin jet in taimaka, domin ramin da aka faɗaɗa ba ya komawa, sai shan mai da baƙin hayaƙi da fulogi mai kunu. Aka ɗauraye tanki, aka sa filta, aka juye baƙin mai. Allura da filta gaba ɗaya ba su kai kuɗin abincin koshari na mutum huɗu ba. Baƙin man ne ya ci kuɗi.

A hanyar dawowa aka kafa doka, kamar yadda muka saba bayan kowace musiba. Duk wanda ya ajiye babur ya rufe famfo. Ba mai cire filta. Murhu ya koma ɗaya ɓangaren ƙofa. Malam ya ce a rubuta a manna a bango, aka nemi biro aka rasa, aka ce gobe.

Yau sati uku ƙasan babur a bushe yake. Murhu ya dawo inda yake da, domin can ɗin akwai iska. Kuɗin gyara kuwa ni na biya a kan za a yi karo-karo, kowa ya kawo nasa sai mutum ɗaya. Ɗan'uwa Bazazzage, na san kana karanta wannan, kuma ka san ɗakina.